Tukunyar Alminiyum da Tarihin Gwajin Ƙarfe: Daga Maƙeran Adar Zuwa Kasuwar Ƙwanni

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sayen tukunya a kasuwar Birnin Ƙwanni ya san yadda ake yi. Ba ta fara tambayar kuɗi. Za ta ɗauki tukunyar ta ji nauyinta, ta kifa ta ta duba gindi, ta ɗaga ta sama ta leƙa ko haske zai ɓullo ta wani ɗan rami, sa'annan ta ƙwanƙwasa ta da zobe ko da ɗan dutse, ta kasa kunne. In ƙarar ta fito garau, a shiga ciniki. In ta fito a dishe, sai ta ajiye ta ɗauki wata, mai kaya kuwa ba zai ce uffan ba, don ya san abin da ta ji.

Wannan ƙwanƙwasa gado ce. Da ita kakanninmu mata suke zaɓen tukunyar ƙasa da tulu da randa, kuma da tukunyar alminiyum ta zo, wadda wasu ke kira ta sanholo, sai aka ɗauko tsohon gwajin aka ɗora mata. Gwaji ne mai kyau, yana kama tsaga, yana kama rami. Sai dai akwai abin da kunne ba ya ji, wato irin ƙarafan da aka narka aka haɗa har tukunyar ta samu.

A wannan rubutu ina so mu bi tarihin wannan farin ƙarfe tun daga fitowarsa, mu ga yadda duniya ta koyi gwada shi da sassaƙa shi, da yadda sana'ar zuba shi ta iso mu a Ƙwanni da Malbaza da Illela. Na nufi malaman makaranta da iyaye musamman, domin yaran da ke cin tuwon wannan tukunya su ne a ajinmu, kuma daga cikinsu ne wasu za su gaji sana'ar.

Ƙasar da ta san ƙarfe

Kafin motoci, mutanen Adar da kewayenta ba sa jiran ƙarfe daga waje. Maƙera ne ke fita daji su haƙo tama, su ƙona gawayi, su gina matoya ta yumɓu, su kwana suna zuga har ƙarfe ya rabu da kashin maƙera. Da shi ake ƙera fartanya da hauya da gatari da mashi. A shekarun 1960 wata Bafaransa mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar, ta rubuta yadda suke narkar da tama, har ta ɗauki fim a kai. A lokacin ma sana'ar ta riga ta ja baya, saboda tsohon ƙarfen mota ya fi sauƙin samu fiye da tamar daji.

Abin lura a nan shi ne, maƙerin wancan zamani ya san ƙarfensa tun daga rami. Ya san tamar wane tudu ce ke ba da ƙarfe mai laushi, ta wane ce ke ba da mai tauri. Yana duban launin wuta, yana jin yadda ƙarfe ke amsa masaba, kuma in ya ƙera gatari zai sara itace da shi kafin ya miƙa wa mai shi. Al'umma kuma ta raba aikin: ga maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, ga maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda suka san narkawa da zubi. Da alminiyum ya zo, ya tarar da hannayen da suka iya wuta. Abin da bai tarar ba shi ne wanda ya san asalinsa, domin shi ba a haƙo shi a tudun bayan gari.

Ƙarfen da ya taɓa fin ƙarfin talaka

Alminiyum ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, yumɓun da muke gini da shi ma yana ɗauke da shi. Amma a manne yake da iskar oksijin, kuma wutar gawayi ba ta iya raba su. Shi ya sa Fir'aunonin Masar da Rumawa da maƙeran Adar duk suka yi zamaninsu ba su gan shi ba. Sai a 1825 wani masani ɗan Denmak, Hans Christian Oersted, ya fara fitar da ɗan kaɗan. A 1854 Henri Sainte-Claire Deville ya samo hanyar fitar da shi da ɗan yawa a Faransa, aka baje sandunansa a bikin baje kolin Faris na 1855 kamar wani abin ado na sarakuna. A 1884, da Amurkawa suka gama dogon ginin tunawa da George Washington, da alminiyum suka yi masa hula, kuma nauyin hular bai kai kilo 3 ba.

Komai ya canza a 1886. Samari biyu da ba su san juna ba, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowanne ya gano yadda za a raba ƙarfen da wutar lantarki. Dukansu an haife su a 1863, dukansu suka rasu a 1914. Bayan shekara biyu Karl Josef Bayer ya kammala hanyar tace jan dutsen da ake kira boksit, wanda daga cikinsa ake samun farin garin da ake narkawa. Daga nan farashi ya faɗo, ƙarfen sarakuna ya zama cokali da tukunya.

Afirka ta Yamma ta shiga wannan tarihi ta ƙofar haƙa. Ƙasar Gini na cikin waɗanda suka fi kowa arzikin boksit a duniya, kuma an fara tace shi a Fria a 1960. Kamaru ta buɗe masana'antar narkawa a Edea a 1957. Gana ta gina madatsar Akosombo, aka buɗe masana'antar Valco a Tema a 1967 don ta sha wutar madatsar. Nijeriya ta buɗe tata a Ikot Abasi a 1997, ko da yake ba ta daɗe tana aiki ba ta tsaya. Nijar ba ta da irin wannan masana'anta, kuma dalilin a fili yake: aikin na cin wutar lantarki mai yawan gaske. Sake narka tsohon alminiyum kuwa ba ya cin fiye da kusan kashi 5 cikin 100 na wannan makamashi. Ta wannan ƙofa ta biyu ƙarfen ya shigo gidajenmu.

Yadda bola ta zama tukunya

Wata masaniyar tarihi ta Jami'ar Chicago, Emily Lynn Osborn, ta bi sawun masu zubin tukwane a Afirka ta Yamma, ta nuna cewa sana'ar ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1945 zuwa gaba. Babu gwamnatin da ta kawo ta, babu makarantar da ta koyar da ita. Yaro ne zai zauna wajen maigidansa shekaru, in ya ƙware ya ɗauki akwatin zubinsa ya tafi wani gari ko wata ƙasa inda babu mai yi, shi ma ya tara nasa yaran. A haka ta cika kasuwanni irin su Katako a Yamai da Panteka a Kaduna.

Yankinmu kuwa kamar don wannan sana'a aka shimfiɗa shi. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa Ƙwanni da Malbaza da Galmi. A Tsarnawa hanya ta rabu ta nufi Tawa, ta bi ta Badagishiri a gundumar Illela. Ga iyakar Nijeriya a kudu, inda ɗaya Illelar take, ta jahar Sakkwato. Duk inda manyan motoci ke bi akwai gareji, duk inda gareji yake akwai mataccen inji. Sai kuma noman rani: fadamun Ƙwanni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, da gonakin albasar Galmi, inda ƙananan injinan ban ruwa suke aiki ba hutu, kuma gangar jikin yawancinsu alminiyum ce. A ƙara da baburan kabu-kabu, da gwangwanayen lemo, da tsofaffin tukwane da suka huje. 'Yan gwangwan su bi gida gida su tara, a auna a kilo, a kai wa mai zubi.

Aikin kansa abin kallo ne. Mai zubi zai sami tukunya mai kyau ta zama masa uwa, ya sa ta cikin akwati mai rabi biyu, ya danƙara yashi mai ɗan yumɓu da danshi ciki da wajenta, ya buɗe a hankali ya zare ta, ya mayar da akwatin ya rufe. Gurbin da ta bari shi ne sabuwar tukunya. A gefe yaro na juya ƙafar keke da aka haɗa da fanka, tana hura gawayi a ƙarƙashin kaskon ƙarfe. Alminiyum na narkewa a zafin digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500, shi ya sa gawayi da ƙafar keke suka isa. In ya narke a kwashe dattin da ya taso, a zuba ta kafar da aka bari, cikin 'yan mintoci a fasa yashi, ga tukunya. Sai a yanke cibiyar zubin da zarto, a bi gefuna da magagari.

Masu zubi sun san abin da littafi ya zo ya tabbatar. Za su gaya maka gwangwanin lemo zalla ba ya gudu sosai cikin yashi, yakan daskare tun bai cika gurbi ba, sai an jefa fistan ko wani yanki na inji. Dalili shi ne kayan inji na ɗauke da silikon, sinadarin da ke cikin rairayi, a fistan yakan kai kusan kashi 12 cikin 100. Silikon na rage zafin narkewa zuwa digiri 577, yana kuma sa narkakken ƙarfe ya gudana kamar ruwa. Sun san kuma in kaya ko gawayi na da laima, tukunya za ta fito da ƙananan ramuka kamar an soka mata allura. Iskar haidurojin ce daga laimar ta shiga ƙarfen, ta fito lokacin da yake daskarewa. Waɗannan ramuka ne uwa take nema in ta ɗaga tukunya sama.

To, a nan ne maganar take. Abin da muke kira alminiyum ba abu ɗaya ba ne. Ɗaruruwan haɗe-haɗe ne, kowanne da aikin da aka yi shi dominsa: na gwangwani da manganis da magniziyam, na fistan da silikon, na jirgin sama da jan ƙarfe ko tutiya. A masana'anta kowane haɗi na da lamba da takardar shaida. A kaskon mai zubi duk sun zama dangi ɗaya.

Yadda aka koyi tambayar ƙarfe

Turawa ma ba da sani suka fara ba. Alminiyum zalla laushi gare shi, ana iya lanƙwasa shi da hannu, don haka da farko ba a ɗauke shi ƙarfen aiki ba. Gwaji ne ya ɗaga shi.

Gwaji na farko shi ne na ja. A yanko ɗan sanda a ɗaure kansa da gindinsa a inji, a yi ta ja har ya tsinke, a rubuta nauyin da ya ɗauka da yadda ya miƙe kafin ya tsinke. Alminiyum mai laushi da kaurinsa ya kai murabba'in milimita ɗaya yakan ɗauki kimanin kilo 9. Na biyu shi ne na tauri, wanda wani injiniya ɗan Suwidin, Johan August Brinell, ya fito da shi a 1900. Ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 10 a kan abin da ake gwadawa, ga alminiyum da nauyin kilo 500, sai a auna faɗin lotsawar. In ta yi faɗi ƙarfen mai laushi ne, in ta yi ƙanƙanta mai tauri ne. A farkon ƙarnin kuma Georges Charpy a Faransa ya tsara gwajin duka, inda guduma mai lilo ke faɗa wa ɗan ƙarfen da aka yi wa tsaga, a ga ko zai lanƙwashe ko zai karye kamar busasshen kara.

Ga abin da auna tauri ya haifar. A 1906 wani Bajamushe, Alfred Wilm, yana aiki kusa da Balin, ya haɗa alminiyum da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin 100 da ɗan magniziyam, ya gasa, ya tsoma a ruwa kamar yadda maƙeri ke yi wa wuƙa. Ya auna, bai ga wani taurin kirki ba. Bayan kwana biyu da aka sake aunawa, sai ga ƙarfen ya ƙara tauri shi kaɗai a ajiye. Da ido babu abin da ya canza, da ƙwanƙwasa ma ba za a ji ba. Lambar da aka rubuta ranar farko ce ta tona asirin. Wannan haɗi, da aka sa wa suna duralumin, yana ɗaukar fiye da kilo 40 inda zalla ke ɗaukar 9, alhali nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne. Da shi kamfanin Junkers ya ƙera jirgin fasinja na farko mai jikin ƙarfe gaba ɗaya a 1919.

Darasi na gaba da rayuka aka biya shi. A 1952 Ingila ta fara jigilar fasinja da Comet, jirgin jet na farko a wannan aiki. A watan Janairun 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka mutu. A watan Afrilu wani ya sake tarwatsewa kusa da Napoli da mutum 21. Jiragen sababbi ne, ƙarfensu ya ci gwajin ja. Sai masu bincike a Farnborough suka gina ƙaton tanki, suka nutsar da gangar jirgi guda a ruwa, suna cika ta da matsi suna sassautawa, kamar tashi da sauka. Da aka kai kimanin sau 3,000, har da tafiye-tafiyen da jirgin ya riga ya yi, sai jikin ya tsage daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikinsa. Wannan shi ne gajiyar ƙarfe: nauyin da bai isa ya karya abu sau ɗaya ba yana karya shi in aka maimaita sau dubbai. Kowane bakanike a Ƙwanni ya taɓa ganinta a marikin birkin babur ko ƙafar injin ban ruwa da ta ɓalle ba tare da an buge ta ba.

Daɗin sassaƙa da abin da ya jawo

Bayan zubi, yawancin kayan alminiyum sai an sassaƙa su, a huda, a goge, a yanka musu zare. Masu injin juya ƙarfe da ke gyaran kayan mota sun san halinsa. Mai laushin yana danƙo, yana manne wa bakin wuƙar inji, sai aiki ya fito da kaushi, ɓawon da ake ferewa kuma ya fito dogo kamar igiya ya nannaɗe wuƙa, har ya yanki hannu. Magagari ma toshewa yake, shi ya sa gwanaye ke goga masa alli, su ɗiga kananzir a wurin yanka. Mai silikon kuwa ɓawonsa gajere ne, amma yana cin bakin wuƙa kamar ana sassaƙa dutse. Ga shi kuma zafi na kumbura alminiyum kusan ninki biyu na yadda yake kumbura baƙin ƙarfe, saboda haka wanda ya auna aiki da zafinsa zai tarar ya rage in ya huce. Wannan ne ma dalilin da ake bar wa fistan 'yar sarari a cikin silinda.

Masana'antun Turai da Amurka sun so ƙarfen da inji zai fere da sauri ba tare da ɓawo ya nannaɗe ba. A shekarun 1930 suka samo dabara: a zuba dalma da wani ƙarfe mai suna bismat, kowanne kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Dalma ba ta gauraya da alminiyum, sai ta zauna ɗigo ɗigo a cikinsa, in wuƙa ta zo ɓawon ya kakkarye a wurin ɗigon. Haɗin da ake kira 2011 ya yi suna a kan haka, aka yi ta ƙera ƙananan kayan inji da shi shekara da shekaru. Ba wanda ya yi tunanin za a dafa miya a cikinsa. Daga baya Tarayyar Turai ta sa doka ta taƙaita dalmar da za a bari a alminiyum na kayan lantarki da na motoci, ta tsayar da iyaka a kashi 0.4 cikin 100. Amma tsofaffin motoci da injina ba su ɓace ba, da yawansu Afirka suka nufo.

Dalma na da wasu ƙofofin shiga kasko: likin lagireto, kan batir, tsohon fenti, da ɗan nauyin da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta. Mai zubi bai sa ta da gangan ba, kuma ba ya ganinta. Tukunya za ta fito fes, ta yi ƙara garau.

A 2014 wani masanin kimiyyar sinadarai na Jami'ar Ashland a Amurka, Jeffrey Weidenhamer, tare da abokan aikinsa na Kamaru, sun buga sakamakon gwajin tukwanen da aka zuba daga bola a Kamaru. Sun tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu, suka auna abin da ya fito, suka sami dalma a da yawa daga ciki. A 2017 suka faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe 10. Sakamakon ya nuna tukwanen sun bambanta ƙwarai: wata kusan ba komai, wata abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta da natsuwa, kuma ba ta zuwa da zazzaɓi balle a lura.

Mun san sunan gubar dalma daga Zamfara, inda a 2010 yara fiye da 400 suka rasu. Wancan daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma ya fi abin da tukunya ke saki nesa ba kusa ba, kada a haɗa su. Abin da ya kamata mu ɗauka daga can shi ne, an yi ta binne yara ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko iska, sai da aka auna jini da ƙasa kafin a san gaskiya.

Abin da ya rage gare mu

Ba na kira a jefar da tukwane. Tukunyar zubi ta yi wa talaka rana: tana da araha, ba ta fashewa kamar ta ƙasa, ba ta cin itace da yawa, in ta huje a mayar wa mai zubi ya sabunta ta. Gidaje da yawa da ita suke ci, daga yaron da ke tara gwangwani har mai kasawa a kasuwa. Kuma duk wanda ya ga ƙatuwar tukunyar biki ko ta makarantar da ake dafa wa yara abinci ya san babu abin da zai maye gurbinta gobe da safe.

Ga iyaye, akwai abin yi tun yau. Tsami da zafi da daɗewa su ke jawo ƙarfe cikin abinci. Miyar yakuwa, kunun tsamiya, zoɓo da tumatir, in an gama dafawa a juye su a wani mazubi, kada su kwana a tukunya. Dusashewar da ke cikin tukunya wata 'yar fata ce da ƙarfen ke yi wa kansa, saboda haka dirje cikinta da yashi har ta yi ƙyalli ba tsafta yake ƙarawa ba, sabon ƙarfe yake buɗewa. Tukunyar da ta zaizaye ta yi ramuka a ciki ta gama aikinta. Abincin jariri da na mai juna biyu, in da hali, a ware masa tukunyar silba mara tsatsa. Sa'annan a riƙa tambayar mai zubi: malam, me ka narka? In masu saye suka yawaita tambaya, masu zubi za su fara ware lagireto da kan batir gefe. Su kansu da yaransu ma sun fi kowa shaƙar hayaƙin.

Ga malamai, darasin kimiyya yana bakin ƙofar lakwal. A sa yara su lanƙwasa wayar alminiyum gaba da baya suna ƙirgawa har ta karye, su gwada da ta jan ƙarfe, sun ga gajiyar ƙarfe da idonsu. A samo ƙwallon boris na keke, a matse shi tsakanin gutsuren tsohuwar tukunya da gutsuren fistan, a auna lotsawar kowanne, wannan shi ne gwajin Brinell. A auna nauyin ludayi, a nutsar da shi a ruwa a ga yawan ruwan da ya ture, a raba: alminiyum na ba da giram 2.7 a kowane santimita kubik, baƙin ƙarfe 7.8, dalma 11.3. A kuma gaya musu gaskiya cewa wannan awo ba zai kama 'yar dalmar da ke cikin tukunya ba, sai da na'ura. Sanin iyakar gwaji shi ma ilimi ne. Mafi muhimmanci, a koya musu rubuta lamba da kwanan wata, su dawo su sake aunawa, kamar yadda aka yi a ɗakin Wilm.

Al'adar gwaji ba baƙuwa ba ce a yankin nan. Tun tsakiyar shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, kuma ƙa'idar wannan sana'a a ko'ina ita ce a kwaɓa samfuri, a jira kwana 28, a murƙushe shi a inji a rubuta ƙarfinsa. Muna auna abin da za mu gina ɗaki da shi, ya kamata mu auna abin da muke dafa wa 'ya'yanmu a ciki. Akwai na'urar hannu da ake haska ƙarfe da ita ta faɗi abin da ke ciki cikin daƙiƙoƙi, irinta aka yi amfani da ita wajen auna ƙasa a Zamfara. Guda ɗaya a hannun jami'ar Tawa ko wata cibiyar koyon sana'a, tana zagaya kasuwannin Ƙwanni da Galmi da Badagishiri, ta isa ta nuna wa masu zubi wane kaya za su narka, wane za su bari. Wanda tukwanensa suka ci gwaji a ba shi hatimi ya buga a jikin murfi, kasuwa da kanta za ta yi sauran aikin.

Maƙeran Adar na da sun san ƙarfensu domin su suka haƙo shi. Jikokinsu na narka ƙarfen da aka haɗa a Jamus da Japan da Sin don wani aiki dabam, kuma ba wanda ya aiko musu da takardarsa. Yaron da ke juya ƙafar keke a bakin kasko da yaron da ke zaune a ajin kimiyya sau da yawa 'yan gida ɗaya ne, wani lokacin ma yaro ɗaya ne, safe a aji, yamma a maƙera. Hakkinmu ne, malamai da iyaye, mu ga cewa abin da ya koya da safe ya bi shi zuwa wurin aikin yamma.